Albashin Baba da nawa, wanne ya fi auki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, ina zaune a Mararaba. Babanmu yakan ce a zamanin Shagari naira 300 yake ɗauka, amma ya riƙe gida har ya yi gini. Ni kuwa albashina ya ɗan haura 100,000, amma kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe. Rashin tattali ne, ko kuɗin ne ba su da albarka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Baba ya faɗi gaskiya, kai ma ba lallai ne laifinka ba. Ba a auna albashi da yawan sifilinsa, ana auna shi da abin da zai iya saye a kasuwa.

A 1981 aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi, naira 125 a wata. A lokacin naira ta fi dala ƙarfi, wajen kwabo 61 ke sayen dala ɗaya. Kenan masinja a ofis yana ɗaukar kimanin dala 200, naira 300 ɗin Baba kuwa ta kusa dala 500. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000, dala kuma ta wuce naira 1,500, wato bai cika dala 50 ba. A wannan farashin na 2024, naka albashin bai kai dala 70 ba, kuma ita kanta dalar yau ba ta da ƙarfin ta wancan zamanin.

Mu ajiye dala tunda ba ita muke kashewa ba, mu ɗauki man fetur. A 1981 lita tana kwabo 15 da 'yan kai, albashin masinjan nan zai sayi sama da lita 800. A 2011 albashi ya koma 18,000, lita naira 65, kimanin lita 277. A 2019, 30,000 a kan naira 145, lita 207. Ƙarshen 2024 da lita ta haura naira dubu, 70,000 ba ta wuce lita 70 ba. Lallai gwamnati ce ke biyan tallafi a baya, shi ya sa ratar ta yi faɗi haka, amma a kasuwar Wuse ma labarin bai canza ba: a 2024 buhun shinkafa ɗaya ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi gaba ɗayansa.

Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da Babangida ya kawo a 1986 ya fara karya darajar naira. Cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin farashin dala a watan da ya biyo baya suka ƙarasa, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya fitowa a takardar albashi. Ma'aikata da yawa na zamanin Baba gidan gwamnati suke zaune, ana ba su rancen mota, firamare kyauta ce tun shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, kuma makarantar gwamnati tana koyarwa. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da irin waɗannan alfarmomi kuɗi a 2003, daga baya aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja. Shi ya sa kake fita tun bayan sallar asuba, ka tsaya bakin titi kana jiran motar da za ta ratsa cunkoson Nyanya da AYA, ka biya zuwa, ka biya dawowa. Ga mai gida yana neman kuɗin shekara a dunƙule, ga kuɗin makaranta, katin wuta, data da ruwan garuwa. Yawancin waɗannan Baba bai san su a lissafinsa ba.

Saboda haka ka samu littafi, ka rubuta duk abin da ya fita na wata guda, ka raba kuɗin haya gida goma sha biyu ka haɗa da kuɗin mota. In su biyun sun cinye rabin albashinka, rage cefane ba zai fisshe ka ba, sai dai a duba wurin zama ko a nemi wata sana'a a gefe. Ka kai wa Baba littafin ku duba tare, ka tambaye shi nawa yake biyan haya a 1981.