Tun da na fara awara mai gidana ya daina cin abincina

TAMBAYA: Inna, ina gaisuwa. Shekararmu 11 da aure, 'ya'yanmu huɗu. Mai gidana direban adaidaita sahu ne a nan Kano, amma ba tasa ba ce, kullum sai ya kai wa mai ita balas. Tun da mai ya yi tsada kuɗin cefane ya ragu, wata rana ma babu. Sai na kwashi adashena na sayi waken suya kwano biyu na fara awara a cikin gida, kuma Allah ya sa albarka. To yanzu duk ranar da na dafa da kuɗina, sai ya ce a ƙoshe yake. Surukata kuma ta ce na fara ɗaga kai. In daina ne? Maman Walida, Kano.

AMSA: 'Yata, kar ki daina. Amma zo mu yi lissafin mijinki tukuna, don na ga kamar ba ki taɓa yi ba.

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Direban adaidaita gidan mai yake fara biya, sannan mai mashin, sannan bakanike idan ta yi gardama. Abin da ya rage a aljihu shi ne naki. Ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya ce gara ya taka da ƙafa. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 da aka yi a 2024 kuwa bai shafe shi ba, shi da ba ya ɗaukar albashi.

Mutumin da ya wuni cikin rana daga Kurna zuwa Bata ya dawo da abin da bai isa mudun shinkafa da mai ba, ya tarar tukunya na tafasa ba da guminsa ba, kunya ce ke hana shi zama kan tabarma. Na gani a gidanmu. Lokacin da masaƙun Kaduna suka rufe, yayana wata uku yana fita da sassafe da rigar aiki don kar maƙwabta su gane. Matarsa da ƙosai ta riƙe gidan, kuma ko sau ɗaya ba ta ce "da kuɗina" ba.

Ke fa, kin taɓa faɗa? Ko a gaban yara? Bincika.

Kuɗin awara naki ne, Shari'a ta ba ki, ciyarwa kuma a wuyansa take. Don haka ki bar masa wani abu da zai zama nasa ne kullum, ko gawayi ne, ko kuɗin makarantar Islamiyya. Ki kuma sa shi cikin sana'ar: tunda yana bi ta kasuwar hatsi ta Dawanau, shi zai riƙa sayo miki waken a can, ya fi sauƙi kan na mai shagon unguwa. Maganar ki yi ta da dare, yara sun yi barci.

Surukarki kuwa, ki zuba awara mai zafi a kwano da yaji, ki aika mata ranar Juma'a. Kar ki tanka.

Abu ɗaya ne ban gani a wasiƙarki ba: wa ke fitar da awarar? Idan Walida ce ke ɗaukar faranti lokacin makaranta, a sauke mata shi daga gobe. Masu saye su shigo gida.