Tambayoyinku: Masu Son Haɗa Agogon Hannu a Gida

Malam, ni ɗalibi ne a Kaduna, ina sha'awar in sayo kayan agogo ɗaya-ɗaya in haɗa da hannuna. Da wane inji zan fara? (Daga Unguwar Rimi)

Ɗana, fara da NH35 na kamfanin Seiko. Ba ya amfani da batir, motsin hannunka ne ke wana shi, idan ya cika kuma yakan yi kamar awa 41 a ajiye bai tsaya ba. Dalilin da ya sa na zaɓa maka shi, kayansa sun fi na kowane inji sauƙin samu. Injin Miyota 8215 ma ba laifi, sai dai kada ka gauraya, hannayen (tsinkayen da ke nuna lokaci) wannan ba sa shiga wancan. Kafin ka biya ko sisi, tabbatar gidan agogon da fuskar da hannayen duk an rubuta na NH35 ne. Fuskar da aka fi sa masa mai faɗin milimita 28.5 ce. Ka kuma duba inda makunnin, wato ɗan maɓallin gefe da ake murzawa a saita lokaci, yake a jikin gidan, daidai ƙarfe 3 ko kusa da ƙarfe 4, don idan bai dace da injin ba kwanan wata zai fito a karkace.

Wuri biyu ne sabon hannu ke kuka. Na farko ɗora hannaye: ka juya makunni a hankali har kwanan wata ya canza, nan ne sha biyun dare, sannan ka ɗora su suna kallon 12. Na sakan ɗin siriri ne ƙwarai, da ka danna da ƙarfi ya lanƙwashe, don haka sayi biyu. Na biyu yanke sandar makunni, wato siririn ƙarfen da ke haɗa makunni da inji: rage ta kaɗan-kaɗan kana gwadawa, wadda ta gajarce ba ta da magani. Kuma kada ka buɗe inji a ɗakin da fanka ke juyawa, balle cikin hunturu da ƙurar garin nan. Ƙwaya ɗaya ta shiga ƙarƙashin gilashi, kullum ita za ka riƙa gani.

Idan na haɗa da kaina zai fi araha? (Daga Kawo)

A'a. Ka lissafa inji da gida da hantsaki da gilashin duba ƙananan abu da kuɗin kawowa, duk a farashin dala, za ka ga bai fi araha ba. Idan lokaci kawai kake son sani, je kasuwar Sheikh Gumi ka sayi mai batir, ka huta.

Na ga ana sayar da fuskar agogo mai tambarin Rolex a intanet. In na ɗora ta a kan NH35, ai zan samu masu saye? (Daga Tudun Wada)

Kai malam, ka ji abin da kake faɗa kuwa? Wannan algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Rolex injinsu suke ƙerawa da kansu, ba sa sa na Seiko. Ranar da wanda ya saya ya kai wa mai gyara aka buɗe bayan, asirinka ya tonu, kuma garin nan kowa ya san gidan kowa. Wa ma za ka cuta? Ango ne da ya tara kuɗi don ranar ɗaurin aure, ko yaron da ke son ya burge mahaifinsa da kyautar Sallah. Masu kuɗin sayen na gaske sun san inda ake sayar da shi, talaka ɗan'uwanka ne zai faɗa hannunka.

Wannan jabun ya ishe ni. Ya shiga magani, ya shiga turare, ya shiga cajar waya, yanzu har abin da mutum zai yi don nishaɗi sai an cusa masa ƙarya. Ku masu saye ma ku buɗe ido, don jabun bai tsaya a tambari ba. Za a rubuta maka gilashin safaya ne wanda ba ya karcewa, a aiko da gilashin banza da makullin gida zai zana. Za a rubuta ruwa ba ya shiga, alhali ko zoben roba babu a murfin baya, alwala biyu ka ga hazo a ciki. Duk inda ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, tsaya ka yi tambaya, araha ba ta ado. Wanda ya iya haɗa agogo da hannunsa, me zai sa ya ɓoye a bayan sunan wani? Sayi fuska marar tambari, wanda ya tambaya ka ce kai ka haɗa.

Ɗana ya kashe kuɗin da ya tara ya haɗa agogo, ga shi kullum yana gudu da kusan rabin minti. Duk ya damu, ni ma hankalina ya tashi, ko an cuce shi ne? (Wata uwa daga Rigasa)

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba a cuce shi ba. Idan NH35 ne, masu ƙera shi da kansu sun ce yana iya gudu har sakan 40 ko ya yi jinkirin sakan 20 a rana, haka agogo marar batir yake. Sai in ya koma gudu da mintoci, to watakila maganaɗisu ne ya kama shi, ya daina ajiye shi a kan lasifika ko jikin waya, mai gyara zai cire masa nan take. Ki gaya masa kada ya canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, a lokacin haƙoran ciki suna kan aiki, suna iya karyewa. Yaron da zai zauna awa biyu a kan sukurun da bai kai ƙwayar gero ba, ki sa masa albarka. In da hali, ki haɗa shi da wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa, ya riƙa zuwa ranar Asabar yana kallon yadda ake riƙe hantsaki.