Me ya sa labaran Marvel da DC ke jan ƙafa?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake wata shida ana jan labari ɗaya a mujallun labarin zane (comics) na kamfanonin Marvel da DC, ka ce ko marubutan ne suka gaza. Ni dai ina ganin galibi ba laifinsu ba ne.

Kowace fitowa ta wata-wata shafi kusan 20 ce. Kamfanoni kuma suna son a haɗa fitowa biyar ko shida a buga littafi guda don shagunan littattafai, sai marubuci ya miƙar da abin da zai ƙare a fitowa biyu. Ga kuma babban labarin da ake haɗa duk jaruman kamfani a ciki. Marubuci na tsaka da gina nasa, edita ya ce a dakata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jarumin mallakar kamfani ne. Marubuci ba zai kashe Batman ya bar shi a kabari ba. Marubuci Chris Claremont ya riƙe labarin X-Men, wata ƙungiyar jaruman Marvel, daga 1975 zuwa 1991, shi ya sa mutanen cikin labarin suka girma a hankali, amma saɓani da editoci ya sa ya tafi.

Gwada labarin Invincible na kamfanin Image, inda labari ke zama mallakar waɗanda suka ƙirƙire shi. Marubuci Robert Kirkman da mai zane Cory Walker ne suka ƙirƙire shi, Kirkman ya kammala shi a fitowa 144.