Ruwan rafin da ake wanke zinare a cikinsa: alwala da sha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'a a Agege, iyalina suna ƙauye a ƙasar Anka, jihar Zamfara. Ƙanena yana haƙar zinare, ni na saya masa injin niƙan dutse muna raba riba. A rafin garin suke wanke garin dutsen. Maiɗakina tana zuba yumɓu a randa har ruwan ya kwanta ya yi garau. Ya halatta a yi alwala da shi, a kuma sha?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alwala ta inganta, domin jirkitar da ƙasa ta kawo ba ta cire wa ruwa tsarki a mazhabar Malik. Sha kuwa, a'a.

Na san akwai masu cewa duk ruwan da ya yi alwala ya yi sha, musamman in ya washe. Wannan magana ba ta da ƙafa. Kai da kake Legas, ga teku nan kusa da kai: kowa ya san ana alwala da ruwanta, wa ya taɓa cika tulun yaransa da shi? Tsarki babi ne daban, cutarwa babi ne daban. Dalma, gubar da ake iya samu a dutsen da ake niƙawa, ba ta da launi ko wari a ruwa. Yumɓu yana janye laka, yana kama wani abu na guba, amma ido ba ya gane nawa ya rage, tafasawa kuma ba ta fitar da ita. Sai gwaji.

Amma ɗan'uwa, kalmar da ta tsayar da ni ita ce "ni na saya masa injin". Ka zo tambaya a matsayin wanda aka cuta, alhali kana da hannu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a garuruwa irin su Bagega da Dareta, galibi ta ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje. Zaibar da ake kama zinare da ita ma guba ce.

Haƙar zinare halal ce a asalinta. Ɓata ruwan jama'a haramun ne. Ka kira ƙanenka yau: inji ya fita bayan gari, wanki ya koma rami nesa da rafi, ko ka janye hannunka. Ribar da ka ci, ka sa wani abu a haƙa rijiya nesa da wurin aikin. Yaran kuma a kai su asibiti a auna jininsu, ko da suna wasansu lafiya.

Allah ne mafi sani.