Kar ka cika buhun naushi da yashi zalla

Malam, ka tambaya ko yashi kaɗai ya isa cika buhun naushi. A'a. Yashi zubewa ƙasa yake yi ya daskare kamar dutse, naushi biyu sai wuyan hannu ya gurɗe.

Samu tamfol mai kauri, ka ɗinka shi ninki biyu, tsawo mita 1, faɗin baki santimita 35. Yayyanka tsummoki ƙanana, ka cire maɓallai da zif tukuna, kana zubawa kana dannawa da sanda. Yashin kuwa, ƙulla shi a leda kilo ɗaya-ɗaya, ka jera a tsakiya, tsumma ya kewaye shi ta ko'ina.

Wajen rataya ne yake fara yagewa, don haka maɗauri huɗu za ka sa, kowanne a maimaita masa ɗinki sau uku.