Mako guda a Alkahira wurin ɗalibin Azhar

Alhaji, salamu alaikum. Tambayarku ta iso: kuna son zuwa Alkahira da Hajiya da ƙannen yaron biyu, ku yi mako guda wurin ɗanku da ke karatu a Azhar, kuma ɗaya daga cikin ƙannen yana sha'awar bin sahun yayansa. Ga abin da mu mazauna nan za mu ce.

Kafin ku tsayar da rana, ku tambayi yaron jadawalin jarrabawarsa. Ta zangon farko tana faɗowa a Janairu, ta biyu daga Mayu zuwa Yuni. In kuka sauka a tsakiyarta, ko dai ya bar ku a ɗaki ko ya ajiye littafi, kuma kun san wanda zai zaɓa idan mahaifiyarsa ce ta zo. Makon da ya fi dacewa shi ne na ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Lokacin ana hutun tsakiyar shekara, kuma ana cin babbar kasuwar baje kolin littattafai ta Alkahira. Sai dai akwai sanyi: da dare yakan sauko kusa da digiri 10, yawancin gidaje kuma ba su da abin ɗumama ɗaki. A zo da rigunan sanyi da safa, musamman saboda Hajiya.

Biza daga ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nemanta, kuma takan ɗauki lokaci, don haka kada a sayi tikitin da ba a iya sauya masa rana kafin ta fito. Kowa ya riƙe katinsa na rigakafin shawara. Magana mai muhimmanci: kada kowa ya sa tiramadol a jaka, ko da na ciwon ƙafar tsohuwa ne, ko saƙon wani. A Masar laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Maganin hawan jini da na suga a bar su cikin kwalinsu, tare da takardar likita. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi. Tsarabar da ɗalibi ya fi murna da ita ba ta wuce kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji ba. A ɗaure daddawar a leda ninki biyu, don kada ta kama tufafi.

In yaron yana zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ku sani baƙi ba sa kwana a can. Mutum huɗu kuma ɗaki biyu ne a otal, ga sayen abinci sau uku a rana. Ya fi sauƙi ya kama muku gida mai kaya a ciki, wanda a nan ake cewa shaƙƙa mafrusha, a Madinatu Nasr, inda ɗalibanmu suka fi yawa. Ya je da ƙafarsa ya duba ruwan zafi, gas da na'urar hawa bene, domin hawa na shida ba wasa ba ne ga dattijo. A yi ciniki da dillali tun farko kan ladansa, a kuma fayyace wa zai biya wuta.

Abin da ke cinye wa baƙi mako shi ne cunkoson motoci. Saboda haka yanki ɗaya a rana ɗaya. Ranar sauka hutu ce, sai sayen layin waya, wanda sai an nuna fasfo. Washegari a yi tsohon gari: masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, duk tafiyar ƙafa ce, ga shagunan littattafai a lungunan bayan Azhar. A Khan Khalili kuɗin farko da aka faɗa muku ba shi ne kuɗin ba, ku bar yaron ya taya. Wata rana a haɗa ganuwar Salahuddin da hubbaren Imamu Shafi'i da masallacin Amru bin As. Kusa da shi, a Fusɗaɗ, akwai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin fir'aunoni a 2021; masu zuwa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir nemansu sukan yi zuwan banza. Dalar Giza a ba ta yini guda, a fita da sassafe. Masu raƙumi da doki a can sai an yanke kuɗi kafin a hau, a kuma tabbatar har da saukowa ne. Manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, ba da tsabar kuɗi ba, to a gwada katin tun kafin a isa ƙofa. Yaron ya riƙe katinsa na ɗalibi, ana yi wa ɗalibai ragi.

Iskandariyya kusan awa uku ce a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Da dattawa a tafiyar, mu dai ba ma ganin ta cancanci a je a dawo rana ɗaya. Gara a bar ranar ga ƙanen da ke son karatu a Azhar.

Juma'a da Asabar ofisoshi a rufe suke, don haka a zaɓi wata ranar ya bi yayansa da takardunsa na makaranta. Abin da zai tambaya shi ne ko Azhar ta amince da shaidar karatunsa, abin da ake kira mu'adala. In ba ta amince ba, za a gwada Larabcinsa a ajiye shi a matakin da ya dace, wataƙila cibiyar koyon harshe ko sakandare, kuma hakan na iya ƙara masa shekaru kafin ya taka jami'a. Ya kuma ji yadda ake sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasa, da abin da ɗalibi ke kashewa a wata.

Ranar komawa a auna jakunkuna tun a gida. Littafi nauyi gare shi, kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi kuwa yakan fi kuɗin littafin.