Tambayoyin Masu Karatu: Hular da ban ƙarasa wa maigidana ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni mace ce 'yar shekara 34, ina zaune a Gusau da 'ya'yana huɗu. Maigidana ya rasu wata biyar da suka wuce bayan gajeriyar rashin lafiya, ban kuma daɗe da fita takaba ba. Kafin rasuwarsa na fara ɗinka masa hula da nufin ya sa ta ranar Sallah, na kai kusan rabi sai ciwon ya kwantar da shi. Bayan sadakar arba'in, da 'yan zaman makoki suka watse gida ya yi tsit, sai barci ya ƙaurace mini. In na kwanta, tunaninsa da lissafin kuɗin makarantar yara su yi ta kai-komo a raina har kiran assalatu. Wani dare na ɗauko hular daga ƙasan akwati na ci gaba da ɗinki, tun daga ranar kuma ita ce abin da ke ba ni sa'ida. Sai dai yayar mijina ta same ni a kai, ta ce wadda mutuwa ta taɓa da gaske ba ta da natsuwar zaɓen launin zare. Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya wani lokaci nakan ji daɗin aikin har in manta da halin da nake ciki. Shin na yi laifi? In kuma na gama hular, me zan yi da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ya ba ki dangana. Ba ki yi laifi ba, a shari'a ko a al'ada. Abin da aka ɗora wa mai takaba a cikin wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta kafa kuma malaman fiƙihu suka yi bayani, shi ne ta dakata da zancen aure, ta bar ado da turare da kwalli da lalle, ta riƙa kwana a ɗakinta. Babu inda aka ce ta naɗe hannu ta zuba wa bango ido. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh ta shahara da aikin hannu, tana jima tana ɗinkin fata tana sadaka da abin da ta samu, kuma da wannan aka yabe ta.

Yayar mijinki kuwa kada ki riƙe ta a zuciya. Ita ma ƙaninta ta rasa, kuma mutane da yawa suna auna zafin rashi da abin da ido ya gani, alhali karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba kullum take faɗa daidai ba a gidan makoki. Akwai mai kururuwa wanda bayan mako biyu ya koma harkarsa, akwai kuma mai shiru wanda shekara goma ba ta share masa ba. In kun sake haɗuwa, ki nuna mata hular ki gaya mata cewa ta ƙaninta ce, a kansa aka auna ta. Ina kyautata zaton ba ta san haka ba lokacin da ta yi maganar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne yadda kike tuhumar kanki saboda 'yar mantuwar da kike samu. A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun fitar da bayani kan yadda mutum ke jure rashi, wanda har yau masu ba da shawara ke aiki da shi. A taƙaice sun ce mai makoki yana kai-komo ne tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin, ya tuna, ya yi kuka, wani lokaci kuma ya juya ga hidimar rayuwa, ya dafa abinci, ya biya bashi, ya yi dariya ma. Lafiyar tana cikin kai-komon, matsala kuma takan taso ne idan mutum ya maƙale a gefe ɗaya, ko dai ya nutse cikin kuka ba fita, ko ya ƙi yarda ya tuna sam. Kowane manomi ya san wannan a gonarsa, domin ba wanda ke tsayuwa cikin rana tun daga hantsi har la'asar. Yakan koma gindin bishiya ya sha fura sa'an nan ya koma kan kunya, ba kuma wanda zai ce zuwansa inuwa ya nuna bai damu da gonar ba.

Ki lura da abin da ke faruwa idan kin zauna da hular. Idonki yana bin zane, yatsunki suna ƙirga inda allura za ta shiga da inda za ta fito, in kin yi kuskure ɗaya sai kin warware layin. Zuciya ba ta iya riƙe wannan ƙirgen ta kuma riƙe lissafin kuɗin makaranta a lokaci guda, dole ɗaya ya dakata. Numfashi yakan lafa, kafaɗa ta sauka. Da safe kuma kina iya ɗaga ƙyallen ki ga cewa kin ci faɗin yatsa biyu, abin da makoki ba ya taɓa ba mutum, tun da shi ba a ganin inda aka kai a cikinsa. Ita wannan hula tana da wani sirri na daban, wato tana fitar da ke daga tunanin ba tare da ta raba ki da mamacin ba, shi ya sa ta karɓe ki fiye da yadda wani aiki zai karɓe ki.

Ba ke kika fara ba. Iyayenmu mata da ke durƙuso a kan dutsen niƙa suna rera waƙa, da yawa daga abin da suke rerawa kukan zuci ne, na kewar gida ko na ɗan da ya mutu, wanda ba su da inda za su faɗe shi sai a nan. Tsohuwa da auduga da mazari a gefen tabarma, tana kaɗi tana gyaɗa kai, ba zaren kaɗai take nema ba. Injin niƙa ya hutar da gwiwoyinmu, madalla, amma ya tafi da waƙar, ba mu kuma yi saurin samun abin da zai maye gurbinta ba. A ɓangaren malamai kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi da dama, ciki har da wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo, da ta aminiyarta A'isha. Mace mai wannan ilimi da tawakkali ta zauna tana auna baiti tana neman amsa-amo a tsakiyar zafin rashi, ba a kuma taɓa jin wani ya ce hakan ya rage mata imani ko ƙauna ba.

Sai dai ina da gyara a kan lokacin. Ɗinkin dare da fitila yana cin ido, yana kuma koya wa jiki cewa tsakar dare lokacin aiki ne, alhali barcin kike nema. Ki mai da shi hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko tsakanin la'asar da magariba, ki ba shi ƙayyadadden lokaci kowace rana ko da rabin awa ne. In dare ya yi barci ya ƙi, ki ɗan taɓa kaɗan ki ajiye da zarar kin ji ido ya yi nauyi, kada ki ce sai kin kai ƙarshen layi.

Maganar kuɗin makaranta kuwa allura ba za ta warware ta ba, kwantar da hankali kawai take yi. Ki samu takarda da rana tsaka ki rubuta abin da ake bin kowane yaro da lokacin biya, ki kai wa manyan dangin mijinki a zauna a kai, a kuma yi maganar rabon gado in ba a yi ba, domin kina da tumuni, sauran kuma akwai haƙƙin marayu a ciki. Damuwar da aka rubuta aka ba ta rana ba ta cika tashin mutum da tsakar dare ba. Hular hannu tana da kasuwa, nan gaba kina iya karɓar aiki, amma shawarata ita ce ko kin mai da ɗinki sana'a ki riƙa ajiye guda ɗaya wadda ba ta kowa ba ce, ba mai aiko yaro ya tambaya ko an gama.

Ita hular maigidan, ni da zan zaɓa miki, a wanke ta a buge a ajiye wa babban ɗansa har kansa ya kai. In kin fi son ladar ta isa ga mamacin da wuri, ki ba da ita sadaka ga wanda zai sa ta zuwa masallaci. Ko wanne kika zaɓa, ki shirya wa ranar da za ki cire allura ta ƙarshe, domin mai yiwuwa kukan ya dawo sabo kamar ranar farko. Kafin ranar ki sa a zana miki wata hular.

Akwai kuma iyakar abin da aikin hannu zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sanya makoki mai tsanani da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa a cikin abubuwan da ke buƙatar magani. In kin ga abinci ya fita daga ranki, kina rama, ba ki iya kula da yara, ko tunanin gara ki bi shi ya fara zuwa miki, kada ki jira wata shidan. Ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce.

TAMBAYA: Malama, ni saurayi ne a Kano, na gama digiri shekara biyu ba aiki, bara mahaifinmu ya rasu ya bar ni babba a gida. Ban yi kuka ba ko a maƙabarta, saboda ƙanne suna kallona. Yanzu kullum ina kan waya har ƙarfe biyun dare, kaina kamar zai fashe. Ana cewa mutum ya nemi abin yi da hannu, ni kuwa ba ni da baiwar komai.

AMSA: Allah ya gafarta wa Baba, ya dafa maka, ɗana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba a dai faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Saboda haka wanda ya ce maka namiji ba ya kuka, ba daga nan ya samo ba.

Zancen baiwa kuma ka ajiye shi, domin ba gasa za ka shiga ba. Wayar tana cika maka kai ne da abin da wasu suka yi, ba ta barin hannunka ya gama komai, shi ya sa kake tashi daga kanta da gajiya ba tare da hutu ba. Ka fara da abin da kake da shi, wato biro da littafi. A 1986 wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya gwada sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ci musu rai na minti 15 a rana har kwana huɗu a jere, aka kuma ga cewa a watannin da suka biyo baya sun rage zuwa asibiti. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya nuna amfanin matsakaici ne, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma sau da yawa mutum kan ji nauyin ya ƙaru a ranar farko kafin ya sauka. Duk da haka araha ce, ta cancanci gwaji. Ka rubuta da Hausa, harshen da kuke magana da shi da mahaifinka, ka gaya masa abin da ba ka samu faɗa ba, kada ka damu da ƙa'idar rubutu, kada kuma ka ɗora a Facebook.

In rubutu bai karɓe ka ba, ka nemi buhun siminti biyu ka wanke, ka huda ƙasansu, ka cika da ƙasa da taki, ka yafa irin alayyahu a bakin rariyar gidanku inda rana ke samu. Yana tsirowa cikin mako guda, cikin wata ɗaya ko ɗan abin da ya fi haka kuma ya isa miya. Ban-ruwan safe zai tilasta maka tashi da wuri, tashi da wuri kuma zai tilasta maka ajiye waya da dare. Ka bar ta a ɗakin Umma bayan sallar isha'i in ka san ba za ka iya da kanka ba. Idan ciwon kan da rashin barcin suka ci gaba duk da haka, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ka sa ƙaramin ƙaninka ya riƙa riƙe maka butar ban-ruwa, ka kuma rubuto mini bayan wata guda in ji ko alayyahun ya fito.